Hannun Celestine da Fijon Malam Kyari

A Sabon Gari aka haifi Celestine, a nan ya yi wayo, in yana Hausa ba ka ce Ibo ba ne. Mahaifinsa kayan mota yake sayarwa, shi kuwa tun yana saurayi ya zaɓi kwanciya ƙarƙashinta. Gyaran ƙafar mota ya koya, bai taɓa sa hannu a inji ba. In shokozobar gaba ta mutu, wasu cirewa suke yi su ɗaura wata. Shi buɗe ta yake, ya wanke cikinta, ya sake roba, ya zuba sabon mai, ya cika boris ɗin samanta da giris, ta koma aiki. A zamanin Fijo, layi direbobi ke yi a bakin rumfarsa.

Fijo ta yi ta ƙarewa a titi, rumfar ta yi ta yin shiru. Bara kuma hannunsa na dama ya soma rawa. Da farko in ya damƙi sifana sai rawar ta lafa. Daga baya ko shayi sai matarsa Ifeoma ta zuba masa rabin kofi don kada ya ƙone kansa. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi.

Cikin tsofaffin masu kawo masa aiki saura Malam Kyari, wani dattijo mai Fijo a-kori-kura da ke kwasar kaya daga Kasuwar Singa zuwa shagunan Kwaciri. Da motar nan yake ciyar da gidansa. Wata safiya ya lallaɓo da ita, gabanta na bugawa, sitiyari ya yi tauri.

"Oga, na zaga ko'ina," in ji shi. "Makanikan yanzu sun ce a nemo wata shokozobar a ɗaura, irinta kuma babu a kasuwa."

Celestine ya ɗaga hannunsa. "Malam Kyari, dubi abin nan."

"Na gani. To wa zan kai wa?"

Sai suka yi aikin tare. Malam Kyari ya buga jak, ya kwance tayoyi, ya ja duk abin da ke son ƙarfi, Celestine na faɗa masa inda zai kama. Suka matse sifirin, suka buɗe shokozobar hagu, suka gyara ta tsaf. Ta dama ma an wanke, an zuba mai, saura a ɗaura mata murfi. Haƙoran murfin sirara ne, da yatsu ake fara kama su, a hankali.

"Kawo in ɗaura," in ji Malam Kyari.

"Ba za ka ji shi ba. Wannan sai ni."

Ya riƙe wuyan hannunsa da na hagu, ya soma murzawa. Hannun ya fizga, murfin ya hau a karkace, kuma yatsunsa ba su gaya masa ba. Sai da ya sa sifana ya ja, ya ji ta tafi salalam. Haƙoran sun cinye, na murfin da na bututun shokozobar duka.

Mai walda ya ce zai liƙe. Celestine ya ƙi, don ya san in motar ta ɗauki buhunan shinkafa ta faɗa rami, sakin ƙafa za ta yi a tsakiyar mutane. Ya bi masu tsofaffin kaya rumfa-rumfa, ya sa aka tambaya har Kaduna da Onica. Kowa ya ce ai an daɗe da narkar da irinsu.

Motar ta zauna kan duwatsu har damina ta wuce. Masu shagunan Kwaciri suka koma ba wa 'yan adaidaita kayansu. Malam Kyari bai taɓa faɗa wa Celestine magana mai zafi ba. Zuwa yake da hantsi, su gaisa, ya zauna a benci yana jan carbi, in azahar ta yi ya tafi. Celestine ya so a ce zaginsa ya yi.

Ranar da 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka zo yanka motar, Celestine bai fita daga gida ba. Ifeoma ce ta dawo daga kasuwa ta ce an kwashe, Malam Kyari kuma ya ce a gaishe shi da jiki.

Har yanzu yana buɗe rumfar. In an kawo mota, yakan sa direban ya danna gabanta, ya kasa kunne, ya faɗi abin da ya lalace, sannan ya kwatanta masa garejin da zai kai ta.