Tsagar Bangon Gidanmu a Aston

Asabar ce, cikin sanyi. Ƙarfe bakwai na safe na dama kunun gyaɗa. Maigidana Mustapha ya sha, ya tafi jami'a, inda yake digiri na uku a kan haɗa sinadarai. Aka bar ni da 'yarmu Iman, mai shekara huɗu, a flat ɗinmu na haya da ke saman wani tsohon gida a unguwar Aston, cikin Birmingham.

Bangon kicin ɗin yana da tsaga tun daga silin har bayan murhun gas. Sau uku muna gaya wa mai gidan. Ya turo wani ya shafe ta da fenti. Muka kai kuka council, wato ƙaramar hukuma, aka ce an rage ma'aikata, mu jira layi ya zo kanmu.

Ƙarfe biyu da rabi na rana ina wanke-wanke. Sai na ji rugugi daga ƙasa, kamar tirela ta bi ta ƙarƙashin gidan. Kofuna suka hau kaɗawa. Bai kai daƙiƙa goma ba ya tsaya. Shiru. Sai ƙas, ƙas, daga cikin bango. Sai bututun hayaƙi na bulo ya rufto ta silin, taku biyu daga inda nake.

A Jos na girma. Na ɗauka bam ne.

Na sunkuci Iman daga gaban talabijin. Ƙura ta rufe matakala. A mataki na huɗu ƙafata ta zame. Na juya don kada in danne yarinyar, na faɗi a kan cikina. Cikin wata biyar gare ni. Na tashi, na fita ba takalmi, ba mayafi.

Duk layin sun fito. Kowane gida ya girgiza, amma namu kaɗai ya rufta. Nan idanu suka dawo kaina. Wani maƙwabci da ya san karatun Mustapha ya nuna tagarmu.

"Ku tambaye ta me mijinta yake haɗawa a sama!"

Uku saura kwata 'yan sanda suka iso. Warin gas ya cika iska.

"Ku ja da baya! Kowa ya bar layin!"

Aka kora mu wani zauren coci a ƙarshen titi. Wata 'yar sanda ta ware ni a gefe, ta hau yi mini tambayoyi. Ina mijinki? Me yake kawowa gida? Su wa ke zuwa wurinku? Na ce marata tana murɗawa. 'Yar sandar ta rubuta, ta ci gaba da tambaya.

Ƙarfe huɗu labari ya bazu a wayoyi: girgizar ƙasa ce, ƙarama, tushenta ma can nesa da Birmingham. Ba wanda ya dube ni ya ce a yi haƙuri. An riga an tare Mustapha a bakin layi, an karɓe kwamfutarsa. Biyar da minti ashirin wata tsohuwa mai raba shayi ta ga jini a ƙafata, ta kwarma ihu. Sai a lokacin aka kira motar asibiti.

Gidan, aka ce ba ya zaunuwa. Mai gidan ya rantse bai taɓa jin zancen tsaga ba. Da aka sallame ni daga asibiti muka hau bas zuwa Manchester, wurin Yaya Binta, yayar Mustapha, a Rusholme. Ɗaki ɗaya ta ba mu. Kafin in zauna sai da na bi bangon da tafin hannu, ina neman inda fenti ya fi kauri. Duk bas ɗin da ya wuce a Wilmslow Road, sai na dubi ruwan kofi in ga ko yana motsi.

An dawo da kwamfutar bayan mako uku, ba bayani. Keken ɗinkina da takardun makarantata suna ƙarƙashin bulo.

Ɗan da ke cikina bai rayu ba. Namiji ne. Mustapha ya kai shi maƙabarta da mutum biyu, ina kwance a asibiti. Ba mu kai ga raɗa masa suna ba.