Dutsen da Kaka Ta Hau da Shi Dominna

Assalamu alaikum. Wata takwas ban rubuta komai a nan ba. Na ga saƙonninku, kunya ce ta hana ni amsawa.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƙawayena na unguwarmu Sa'alaba. Kakata, wadda ta haifi Umma, Kirista ce, 'yar Katolika. Tana wani ƙauye a Najeriya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Umma take ce mini Ummi. Ban taɓa ganinta ba, don a Jidda aka haife ni, kuma ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Irinmu in ka fita, ka fita ke nan.

Da tari ciwon ya fara. Muka ce sanyin mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki. Na sha zuma, na sha citta, bai tafi ba. Sai zazzaɓi kullum da yamma. Na rame har abayata ta koma kamar ta aro.

Wata biyu Umma tana tsoron kai ni asibiti saboda takardu. Ranar da na tofa jini a gabanta ta ce, "Halas, ya isa haka, tashi. In kama mu za a yi, a kama mu."

Ba a kama mu ba. Aka ɗauki hoton ƙirjina, aka ba ni ƙaramin kofi in tofa kaki har sau uku. Likitar ta ce tarin fuka ne. Ta dubi Umma ta ce, "Me ya sa kuka daɗe haka?" Umma ta sunkuyar da kai.

Aka sa ni a ɗaki ni kaɗai. Duk mai shigowa da takunkumi a fuska. Abinci a ajiye a tafi. Maganin ya mai da fitsarina ja, ranar farko na yi kuka na zaci jini ne. Umma ta sayar da 'yan kunnenta, ba ta faɗa mini ba, kunnen na gani.

A sati na biyu ta miƙo mini waya daga bakin ƙofa. "Kakarki ce. Ki sa a kunne, kar ki buɗe murya."

Saƙon murya ne da wayar maƙwabciyar Kaka. Muryar tsohuwa, tana haki.

"Takwara! An ce kin kwanta. Yarinya ƙarama, kin riga ni? To na hau da dutsenki, yana nan yana jiranki."

Ban gane ba. Na tambaya. A saƙonnin da suka biyo baya ta ba ni labari, kaɗan kaɗan.

A bayan ƙauyensu akwai tudu, a kansa akwai ƙaramin coci na Uwa Maryamu. Ta ce tun uwarta tana budurwa aka yi sanƙarau, yara suna ta mutuwa. Wani Fada da ke zuwa a kan keke ya kafa rumfar zana a kan tudun yana jinyarsu. Da cutar ta wuce, matan suka ci gaba da addu'a a rumfar. Gobarar daji ta cinye ta. Suka gina na laka, ruwa ya rushe shi. Sai wata mata da ɗanta ya tashi ta ɗauko dutse daga rafi a ka, ta ce da wannan za a gina.

Tun daga nan, in naka ba shi da lafiya, kai za ka hau da dutse ka ajiye a ƙofa. In ya warke, shi zai zo ya sa shi a bango da hannunsa, ba a sa wa mutum. In ya rasu, a mayar da dutsen rafi. Ta ce bayan girbi mutane suna zuwa ziyara da ƙafa daga garuruwa, kuma har yau bangon bai ƙare ba.

Umma ta ji haushi. "Dutse yana warkarwa ne? Tsohuwa da ciwon gwiwa, wa ya aike ta?" Tana faɗa tana share ido da bakin mayafi. Shekara goma sha tara rabonta da uwarta, tun da ta zo umra ta zauna.

Ni Musulma ce. Na san Allah ne ya warkar da ni, ta hanyar magani. Amma a duk duniya mutum ɗaya ce ta hau tudu da kaya a ka saboda ni, kuma ba ta ma san fuskata ba sai a hoto.

Wata shida na sha ƙwayoyi. Gwajin ƙarshe ya fito babu komai. Alhamdulillahi.

Na gode wa likitar da ba ta tsawata mana sau biyu ba. Na gode wa maƙwabtan da suka riƙa kawo kunu ko da suna tsoron shiga. Umma kuwa, ban da bakin gode mata.

Don Allah, tarin da ya wuce sati biyu a je a gwada. Kada ku jira jini kamar mu. In an ba ku magani ku shanye shi duka, ko kun ji sauƙi. Kuma ku riƙa yi wa mai ciwon magana, ko daga bakin ƙofa ne.

Kaka ba ta sake tafiya da kyau ba tun ranar da ta sauko. Yanzu ko tsakar gida sai an riƙe ta. Saƙonta na ƙarshe gajere ne.

"Takwara, gansakuka ta fito wa dutsenki. Ni ma ta kusa fito mini. Ba na ce ki zo ba fa, labari nake ba ki."

Na san in na tafi ba zan sake ganin Jidda ba, kuma nan kaɗai na sani.

Ranar Lahadi na je ƙaramin ofishin jakadancinmu ni kaɗai, na nemi takardar komawa gida. Suka ce yarinya ce ni, sai uwa ta sa hannu. Takardar tana cikin jakata. Umma tana dawowa daga aiki bayan la'asar, na dafa mata shayi, na ajiye biro kusa da kofin.