Shirun Da Asabe Ta Raba Gida-Gida

Duk wanda aka haifa a ƙauyenmu, can bayan Guri, cikin shekara talatin ɗin nan, hannun Asabe ya fara sani kafin na uwarsa. Ungozoma ce, kuma matar yayana Ja'afaru. Ni ce Binta, ƙanwar mijin. Ta tarar da ni a gidan ina yawo da majina, ta kuma sake karɓa ta ranar da aurena ya mutu na dawo da 'yan kwanukana. Ina ce mata Yaya, in tsokana ta motsa in ce "matarmu", ita kuma ta ce mini bakin ganga. Ban musa ba, ga shi ma ina ba ku labarinta ba da izininta ba.

Asabe ba ta yi boko ba, amma ta san ranar haihuwar kowa, ta san wanda ya zo da ƙafa, ta san wadda ta yi doguwar naƙuda a shekarar da ruwa ya cinye shinkafa. Ba ta da surutu, shi ya sa maganarta ke da nauyi. In aka yi gardama a bakin rijiya, wata ta ce "Asabe ce ta faɗa", an gama.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da wasu mutane suka zo a farar mota daga wata jami'a. Sun ce suna binciken abin da ya sa ciwon ƙoda ke ɗauke mutanen bakin kogin nan. Suna son jini da fitsari, kuma za su riƙa dawowa suna duba mutane shekara da shekaru. Maigari ya tara jama'a, kowa ya ji, kowa ya watse. Wa zai miƙa wa baƙo jininsa haka kawai? Kwana uku suna zaune ƙarƙashin tsamiya suna korar ƙuda. Sai wani mai kaifin baki ya nuna musu ƙofarmu.

Shugabansu wani dattijo ne mai farin gilashi, ga ladabi kamar ya kwanta. Asabe ta saurare shi har ya gama, ta yi masa tambaya ɗaya.

"In kun ɗiba, yaushe za mu ji abin da kuka gani?"

"Inna, duk wanda muka ga matsala a jininsa za mu aiko masa da takarda. Wanda bai ji daga gare mu ba, lafiyarsa lau."

Da kunnena na ji, ina tsaye da tsintsiya a hannu. Wannan maganar Asabe ta ɗauka ta bi gida-gida da ita. Mutum ɗari da arba'in suka fito saboda fuskarta. Yaya Ja'afaru ne ya fara miƙa hannu, yana dariya wai matarsa ta sayar da shi. Ni ma na bayar, ina tsine wa allura. Kowa aka ba shi kati mai lamba da sabulu guda. Mota ta tashi.

Wata ɗaya, wata biyu, shekara. Mata suna tare Asabe a hanya: "Yaya, shiru fa." Ita kuma ta ce, "To ki gode wa Allah, shirun nan shi ne lafiyar." Haka ta yi ta raba shi, kowa ya karɓa ya adana. Ba takardar da ta zo wa kowa, mu kuma muka yi ta murna wai ƙauyenmu ya tsira. Kai, wauta ba ta da magani!

Shekara biyar bayan haka ƙafafun Yaya Ja'afaru suka fara kumbura. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa cikin ruwa, in ba ya jefa komar kamun kifi, yana saran ciyawar kacalla don kwale-kwale ya samu hanya. Ya ce sanyin kogi ne. Na ce mu je Hadejia a duba. Ya ce, "Ke dai da baki. Ai an auna ni, ba a ce komai ba." Ya juya ya dubi matarsa, ita ma ta gyaɗa kai. "An auna ka, Malam. Da akwai wani abu da sun aiko." Aka shiga jiƙe-jiƙe. Kumburi ya sauka, ya dawo, ya hau fuska. Ranar da muka kai shi asibiti a kwance, likitan ya dube mu kamar mu muka kashe shi, ya ce ina muke tun tuni. Bai yi wata uku ba ya cika.

Asabe ta yi takaba, ta fita, ta ci gaba da karɓar haihuwa. Amma abu ɗaya ya tsaya mata a wuya: me jinin Malam ya nuna a wancan awon? In lafiya ya nuna, to ciwo daga baya ya zo, ta samu inda za ta ajiye zuciyarta. In ba haka ba, ita ce ta tsare shi a gida da bakinta. Ta sa an kira lambar da dattijon ya bari har ta gaji, kullum a kashe. Ambaliya ta zo ta share rabin gari, katunan nan duk suka bi ruwa tare da kwanukan da aka ɓoye su ciki.

Bana, bayan an gama sussukar shinkafa, sai ga farar mota. Ba dattijo. Wata yarinyar likita ce ta yi sallama a zaurenmu, Ummussalma, 'yar cikin Hadejia, ta durƙusa har ƙasa. Ta ce an farfaɗo da binciken, kuma tsofaffin mutanen suke nema, don sai an gwada jinin mutum na da da na yanzu ake gane inda ciwon ke farawa. Sababbi ba za su yi ba. Suna da sunaye, amma Muhammadu ya fi goma, ga mutane sun tashi bayan ambaliya, wasu Birniwa, wasu Kaugama. An ce musu Asabe kaɗai za ta iya warware wannan.

Ban bari ta rufe baki ba. "Au! Yanzu kuka tuna hanya? Jininmu ya ƙare muku ke nan, kun zo ƙari? Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwar mutuwa! Akuya ma in ka tatse ta kana watsa mata dusa."

"Binta," in ji Asabe. Na koma gefe ina huci.

Ta ce wa likitar ta karanto sunayen. Ana karantawa tana amsawa, idonta a kan tabarma. "Yana nan. Ta koma Kaugama. Ya rasu. Ya rasu. Tana nan, ita ce mai kifin banda. Ya rasu." Da aka zo kan Ja'afaru, can ƙarshen jerin, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, 'yar nan. Wannan maigidana ne. Ba ƙofar da zan taka muku sai kin gaya mini abin da jininsa ya nuna."

Likitar ta ce a ƙa'ida ba a buɗe sakamakon wani ga wani. Asabe ta ce mai shi yana ƙasa shekara huɗu, ita ta rage. Yarinyar ta daɗe tana kallon kwamfutarta. Ta danna, ta karanta, ta sake karantawa.

"Inna, an sa masa jan layi. An rubuta a tura shi asibiti da gaggawa."

"Tun wancan lokacin?"

"Tun wancan lokacin."

Takardun, in ji ta, an buga su. Kuɗin aikin ne ya yanke kafin a raba, ma'aikata suka watse, kowa yana zaton wani ya kai. Ita da kanta ta ga kwalin a ɗakin ajiya, ba ta san ba a taɓa rabawa ba sai yanzu. Tana faɗa tana share hawaye da bakin mayafi. Ban tausaya mata ba, ko da yake na san tana makarantar sakandare lokacin da aka yi abin. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, na haɗa da dattijon da gilashinsa.

Asabe ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," sau ɗaya, a hankali. Sannan ta tambaya, "Mutum nawa ke da jan layin?"

"Goma sha ɗaya."

"Cikin waɗanda na ce miki suna nan fa?"

Likitar ta ƙirga da yatsa. "Huɗu."

Asabe ta aike ni in ɗebo wa baƙuwa ruwa. Kafin in dawo ta sa hijabinta, takalmi a ƙafa. Na ce, "Yaya, ba dai za ki sake yi musu yawo ba? Wallahi in kika yi, kin ba ni kunya." Ta ce ba yawonsu za ta yi ba, nata ne. Wanda ya ga dama ya sake ba su jini bayan ya ji gaskiya, ruwansa, ita ba za ta roƙi kowa ba.

Na bi su a baya ina mita. Gidan Kawu Umara mai saƙar taru muka fara shiga. Asabe ta durƙusa gabansa, tsohuwa da ita, ta ce, "Kawu, na taɓa ce maka shiru lafiya ne. Ba haka ba ne. Na zo in karɓi maganata. Ga likita, ta gaya maka sauran." Ta fito ta bar su. Haka ta yi a gidan Yelwa mai kifin banda. Haka ta yi a gidan Shu'ibu, wanda da ma ya daina zuwa gona, matarsa ta bi mu har ƙofa tana cewa Allah ya isa, Asabe ta tsaya ta ji duka.

Daga nan sai ta juya hanyar gida. Na ce, "Matarmu, tsufa ya fara taɓa lissafi? Uku kika yi, saura ɗaya." Ta ci gaba da tafiyarta. Muka shiga zaure, ta wuce ɗakinta ba ta tsaya ba, ta ɗaga labulen nawa. Ta jira na shiga na zauna a bakin gado. Sai na ga idonta ya sauka kan ƙafafuna, waɗanda tun damina nake ce mata tsayuwar suyar ƙosai ce ke kumbura su, tana ce mini ai an auna ni.

Matar da ta goya ni ta durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Binta," ta ce, "na zo in karɓi maganata."