Na'urar Da Na Ƙaryata

Ranar Talata ce, ƙarfe goma da kwata na safe, a tsakar gidana da ke Birnin Kudu. Mu uku ne: ni, da maiɗakina, da ƙanwarta wadda ta zo daga Gwaram. Muddin ina numfashi, wannan safiya ba za ta bar raina ba.

A shekarar, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mutane da dama a unguwarmu, har kowa ya shiga neman na'urar awon hawan jini. Mai kemis ya ce da sun iso suke ƙarewa. Ni na sa a kawo mini mai inganci daga Kano, ina jira. Ƙanwar kuwa ta zo da wata 'yar ƙarama da ta saya a kasuwa.

Kwana uku ke nan maiɗakina tana fama da ciwon ƙeya. Aka ɗaura mata, lambobi suka haura. Aka sake, suka ƙaru.

"Malam, wannan fa ba na zama ba ne," in ji ƙanwar. "Mu tafi asibiti."

Na karɓi na'urar na jujjuya. Babu kwali, babu takardar bayani. A makarantar mishan an horar da mu cewa ma'aunin da ba a tantance ba, ba a karɓar shaidarsa, kuma shekara talatin na yi ina koyar da haka.

Na ce, "Abin da aka baza a tabarma tare da tocila da batir, shi zai gaya mini lafiyar iyalina? Tawa tana tafe."

Maiɗakina ta dubi ƙanwarta ta ce, "Ke, rabu da shi. Ko ruwan sama ne sai ya bi shi da jan biro." Muka yi dariya, har da ni.

Ranar Alhamis da hantsi ludayi ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace. A asibiti aka ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, na'urar ɗaukar hoton kuma tana nesa, masu jira suna da yawa.

Likita ya tambaye ni, "Baba, an auna ta kwanan nan?"

Na faɗa masa lambobin daidai, domin ba na manta lamba. Ya ajiye bironsa.

Na gane a makare cewa gargaɗi, ko daga ina ya fito, bincikarsa ake yi kafin a raina shi. Ta rayu shekara biyu da wata huɗu bayan nan. Ba ta sake furta kalma ba.