Malam Illo, Abokin Gardamata

Ranar Talata, 8 ga Maris 1994, cikin goman ƙarshe na azumi, Allah Ya yi wa Malam Illo Warra rasuwa bayan gajeriyar jinya. Ni Elijah, tsohon soja kuma maƙwabcinsa, na rasa mutumin da na fi yin gardama da shi, na kuma fi amincewa da shi.

Malam, yaran masunta nawa ka bi har bakin ruwa ka lallashi iyayensu suka bar su suka shiga aji? Da matata ta kwanta ciwo ina bakin aiki, kai ka sa ta a jirgin ruwa ka kai ta asibitin Yelwa, ba ka tsaya tambayar addininmu ba.

Saɓaninmu ya fara ne da aka tura sojojinmu Laberiya. Kai kana ganin wajibi ne mu tsayar da zubar da jini, mutanen can su zaɓi shugabansu da kansu. Ni da na yi aikin kiyaye zaman lafiya a Lebanon, na ce ƙasa amfanin kanta take dubawa, kuma ba a ɗora dimokuraɗiyya a motar soja a sauke wa wasu. Mu kanmu soja ke mulkinmu. Kullum da la'asar, gefen rediyonka, nan muke kafa gardamar.

Sai aka tura ɗanka Ɗangana can, shi ma soja ne. Ka raka shi tasha, ka sa masa albarka. A ƙarshen 1992 labari ya zo cewa ya rasu kusa da Monrobiya, can aka binne shi. A zaman makoki wani ya fara tsine wa mutanen Laberiya. Ka ɗaga hannu ka ce, “Bari. Su ma suna da 'ya'ya cikin ƙasa.”

Daga ranar na bar gardamar. Kai ne ka dawo da ita, bayan an soke zaɓen 1993. Ka zauna a ƙofar gidana ka ce, “Elijah, mun aiki yara su kai wa wasu abin da ba mu da shi a gida. Nan ka yi gaskiya.” Sannan ka ce, “Amma in akwai mace guda da ta tsira da goyonta saboda Ɗangana ya tsaya a hanya, ba ni cewa ya tafi a banza.”

Ban canza ra'ayina ba, Malam. Sai dai ban sami amsar wannan maganar ba, kuma yanzu babu wanda zan kai wa ita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hasiya, wadda ta rasa ɗa da miji, da 'yarka Yasira, da ɗalibanka na Ngaski da Shanga. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya sada ka da Ɗangana, wanda ba ka sami ganin kabarinsa ba. Amin.