Saƙon da Na Aika wa Ɗan Farina Ana Gobe-goben Sallah

Assalamu alaikum. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, kuma na roƙi mai rubutun kada ta gyara mini magana ko da ta ji ba daɗi. A shekarar da aka kulle gari saboda korona, ni dattijuwa ce da sauran ƙarfina, ina zaune a Sabon Garin Wudil tare da maigidana. Daga Utai aka kawo ni gidansa tun ina yarinya. Shi dillalin shanu ne a kara, kasuwar shanun garinmu, har tsufa da ciwon suga suka zaunar da shi a zaure. Ni kuwa daddawa nake yi, kuma duk unguwa an san ni da abu guda, wato kunya. In ana yi wa amarya faɗa, da ni ake ba ta misali. Ina jin daɗin wannan yabo fiye da yadda ya kamata, shi ne kuma ya kai ni inda zan ba ku labari.

Ɗan farina namiji ne. Yadda muka taso muka tarar, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ni kuwa na riƙe wannan har na wuce iyayena. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Yaya kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ya girma, ya yi aure, ya buɗe shagon yadi a birnin Kano, amma in ya zo ya durƙusa gaishe ni, sai in kau da kai in amsa a taƙaice. In ina da magana, ƙanwarsa nake aika, wadda take aure kusa da mu. Duk da haka bai taɓa yin Sallah a wani wuri ba sai gida. Shi yake riƙe hannun babansa su tafi Idi, su dawo su ci tuwo kwano ɗaya.

Ana nan, ana nan, azumin shekarar ya zo a cikin kulle. Muna jin labari daga birni tsofaffi suna ta faɗuwa, amma mu a nan cewa muke cutar masu hawa jirgi ce, me zai kawo ta gidan mai daddawa. Juma'a, ranar kasuwa, ta zo ta wuce ba ka jin kukan shanu daga kara, maigidana ya yi ta juyi a kan buzu yana cewa shi dai ya ga Sallah ya ga yaronsa. Da Sallah ta matso, matan maƙwabta suka taru a tsakar gidana muna surfe. Sai ga 'yata ta shigo da waya a hannu, ta ce yayanta ya kira, ya ce a ba shi haƙuri bana ba zai zo ba. Zazzaɓi yake yi da tari, hancinsa ba ya jin ƙanshi, kuma yana tsoron ya kawo wa Baba wani abu.

Allah shi ne shaidata, abin da ya zo bakina shi ne in ce yaya jikin nasa, ya je asibiti kuwa, wa yake kula da shi. Kafin in buɗe baki sai wata maƙwabciyata, abokiyar wasata ce, ta dafa taɓarya ta ce to yau dai za a ga ko mai kunya za ta tambayi jikin ɗan fari. Mata suka yi dariya, ido ya dawo kaina. Sai na haɗiye tambayar, na ɗaure fuska na ce wa 'yata: “Ki gaya wa wancan, in zazzaɓi ne zai hana shi gaida ubansa ranar Sallah, to ranar da aka ɗauki gawata ma ya yi zamansa.” Mata suka ce kai, wance ba dama. 'Yata ta tsaya tana roƙona in sake magana, na ce ta kai saƙo yadda na ba ta. Magana zarar bunu ce, ta fita.

Ranar jajibere da la'asar sai ga shi. Hanya a rufe take, ashe ta ƙauyuka ya zagayo a bayan mashin. Ya rame, idonsa ya yi ja, ga takunkumi a fuska. Ya tsaya can nesa a tsakar gida yana gaisuwa. Babansa ya yi dariya, ya ce shi a saninsa raƙumi ake sa wa takunkumi, ya cire wannan tsumma ya matso ya ga fuskarsa. Yaron bai cire nan da nan ba. Ya juyo ya dubi inda nake zaune a bakin murhu. Na ga duban, na kuma gane shi: so yake in sa baki in ce a bar shi. Kalma ɗaya ta isa, don maigidana bai taɓa musa mini a kan 'ya'ya ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tuƙa tuwo. Ya cire.

Sallar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Suka tafi Idi hannu cikin hannu. Suka dawo na zuba musu tuwon shinkafa da miyar taushe a kwanonsu, na dama fura suka sha da ludayi ɗaya. Suka wuni a zaure kafaɗa da kafaɗa, tsohon yana ba shi labarin shanun da ya sayar a zamaninsa, ina jiyo tarin yaron daga cikin gida. Ya aiko ƙanwarsa ta ce mini miya ta yi daɗi. Daga baya ne take gaya mini ko ɗanɗanon gishiri ba ya ji a lokacin. Washegari ya koma.

Kwanci tashi, ba a daɗe ba maigidana ya kwanta. Da fari zazzaɓi, sai tari, sai ya daina cin abinci. Na yi masa sirace da tazargade, na dafa citta da lemon tsami, na ce ciwon shawara ne. Na hana 'yata gaya wa yayanta, na hana a kira mai magani, don ana ta faɗa cewa wanda aka ɗauka killace shi ake, in ya mutu ba a ba da gawa. Amma gaskiyar da ke ƙasan wannan, tsoro nake a ce ga inda ciwon ya fito, a tuna saƙona. Sai da numfashinsa ya koma kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi sannan na yarda aka nemo mota. Kansa yana kan cinyata ya cika, ba mu kai ƙofar asibiti ba. Ba a gwada shi ba, don haka ba zan rantse a kan abin da ya kashe shi ba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma na san abin da na faɗa, na san abin da na ƙi faɗa.

Ɗana ya zo jana'iza, ya ƙi shiga cikin mutane, ya tsaya a bayan sahu shi kaɗai. Ya gaya wa ƙanwarsa shi ya kashe Baba. Ta zo tana kuka ta ce in kira shi in gaya masa ba laifinsa ba ne. Na ce ina takaba, sai na fita. Na fita takaba na ce sai hankali ya kwanta. Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ba abin da ya rage ni da shi, shinkafa, atamfa, ragon layya, duk yana aikowa. Ranar Sallah yana zuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, ya tashi. Ko ruwa bai ƙara sha a gidan nan ba.

Sallar da ta wuce na ga ƙarfina yana ƙarewa, na ce kada in mutu da wannan. Da ya miƙe zai tafi, na kira sunansa a gaban kowa. Tunda na haife shi bakina bai taɓa furta shi ba, har ya tsaya yana waige ko wata ce. Na gaya masa ni na kira shi da bakin da ba ya iya ƙetarewa, ni na yi shiru da aka ce ya cire takunkumi, ni na ɓoye ciwon babansa, in akwai alhaki a wuyana yake. Sai ya ce: “Yaya, na yafe miki saƙon tun ranar. Abin da ya tsaya mini, an ce miki ba ni da lafiya, ba ki ce yaya jikinsa ba.” Ya yi mini sallama da ladabinsa, ya tafi ziyarar kabarin babansa. Abincin da na zuba masa yana nan a rufe har yamma.

Ba na zagin kunya, ado ce, da ita aka raine mu. Amma na gane wadda na yi ranar ba don Allah ba ce, ba don ɗana ba ce, don bakin matan da ke riƙe da taɓarya ce, kuma ba ɗayarsu da ta taya ni takaba. Ina jan kunnen iyaye mata 'yan'uwana: bakin uwa nauyi gare shi, kada ki ɗora shi a kan ɗa don a yabe ki. In ɗanki ya ce yana tsoron ya cuce ku da ciwo, ki yarda da shi, wata Sallar tana zuwa. In kuma aka ce miki ba shi da lafiya, ko ɗan fari ne, ko duk unguwa na kallonki, ki tambayi jikinsa a ranar. Ni na zo tambaya a lokacin da amsar ba ta da sauran amfani.