Ranar da Kwamfuta Ta Kashe Alhaji Lawal

Alhaji Muhammadu Lawal Indabawa yana da shekara sittin da shida, kuma yana cikin manyan dillalan albasa a Head Bridge da ke Anaca.

A garin ya tashi, a rumfar mahaifinsa, Malam Ma'aruf. Lokacin da rikicin yaƙin basasa ya ɓarke suka gudu Kano, a can tsohon ya rasu tun yaƙi bai ƙare ba. A 1971 Lawal ya dawo a saman motar albasa, ya tarar wani ya gaje rumfarsu, ya shimfiɗa buhu a bakin titi ya sake farawa. Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ita ce ta ɗaga shi. Masu otal na Fatakwal da Inugu suka riƙa ɗaukar kaya mota-mota. A shekarar aka haifa masa ɗan fari, ya mayar masa da sunan mahaifinsa. Ɗan fari ba a kiran sunansa, sunan uba kuma ba a kama shi, sai abin ya haɗu wa yaron biyu. Gida da kasuwa kowa Baba yake ce masa.

Baban ne, da ya girma, ya matsa wa Alhaji ya karɓi katin banki, bayan 'yan fashi sun tare direbobinsu a hanya. Shi ya amsa duk tambayoyin da aka yi a banki, Alhaji dangwala yatsa kawai ya yi. Sannu a hankali sallamar direbobi da manoma ta koma kan katin.

Wata Talata a watan jiya ya saka katin a na'urar cirar kuɗi, na'ura ta haɗiye. Ya shiga ciki wajen Shafa'atu, 'yar unguwarsu, wadda ke teburin katuna. Ta danna kwamfuta, ta dube shi, ta sake duban kwamfutar.

"Inna lillahi! Alhaji, an rubuta a nan ka rasu."

"Wa?"

"Kai. Tun Alhamis."

"To wane ne wannan a gabanki, 'yata?"

Da aka bincika, wanda ya rasu wani Muhammadu Lawal ne, mai goro, wanda Alhaji da kansa ya ɗauki makararsa. Duk su biyun an rubuta musu ɗaya ga Janairu, kamar kowane dattijon da ba shi da takardar haihuwa, har shekarar ta zo ɗaya. Duk su biyun adireshinsu masallacin Hausawa. Da 'ya'yan mai goro suka kawo shaidar rasuwa, wani ma'aikaci a hedikwata a Legas ya rufe yarjejeniyar katin mai albasa. Shafa'atu ta yi masa bayani: kowane kati yana rataye ne da yarjejeniya a cikin kwamfuta, kuma wadda aka rufe da sunan mutuwa reshe ba shi da ikon buɗe ta. Sai Legas ta ji muryar mai kati ta waya.

Ga motocinsa suna hanya daga Sakkwato, za su iso Juma'a. Direban da ba a sallama ba ba ya sauke kaya, albasa kuwa ba ta jiran kowa a zafin Anaca.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Abokinsa Kallamu mai tsire ya sauko daga babur ɗin okada yana salati da ƙarfi.

"Mamaci, ya kwanan kabari? Ka tafi ko sallama babu!"

"Kallamu, ka kiyaye ni yau."

"A'a, ni sadakar uku na zo ci."

Washegari suka koma banki su uku, da Kallamu da Baba. Shafa'atu ta kira Legas, ta buɗe muryar wayar, tana fassara. Matar da ke can ta tambayi sunansa, ya faɗa. Sai ta zo kan tambayar sirri, wadda Baba ya zaɓa shekarun baya ba tare da tunanin komai ba. Shafa'atu ta sunkuyar da kai.

"Me ta ce?"

"Alhaji, wai sunan ɗanka na fari."

"Baba."

Matar ta ce bai yi daidai ba.

"Ga shi nan tsaye, a tambaye shi mana."

Aka ce daga bakin mai kati ake so, kuma ana naɗar muryar. Ya ce a ba shi takarda ya rubuta da ajami. Aka ce ba a karɓa. Ya gyara zama ya ce, "Mai sunan mahaifina." Kwamfuta ta lissafa wannan a kuskure na biyu.

Shafa'atu ta yi ƙoƙarin fahimtar da matar da Turanci, ta koma harshen Ibo, cewa a wajensu dattijo ba ya kiran wannan suna. Matar ta ce ita ba ta taɓa jin uban da ke tsoron sunan ɗansa ba, kuma dama ɗaya ta rage. In ta wuce, sai an je kotu an yi rantsuwa, aikin makonni.

Kallamu ya daina dariya. Ya ce, "Baba, fita waje."

Baba ya juya ya nufi ƙofa. Ƙofar bankin irin mai ɗaukar mutum ɗaya-ɗaya ce, ga layi a gabanta. Alhaji ya ba ƙofar baya, bai san ɗan nasa yana nan tsaye ba. Ya kai baki kusa da wayar, ya faɗi sunan a hankali. Matar ta ce layi ba kyau, ya ɗaga murya.

"Ma'aruf!"

Daga bakin ƙofa aka ce, "Na'am."

Baba ya ce bai san lokacin da kalmar ta fita ba. Shekararsa talatin da bakwai bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba. Sai ganinsa aka yi ya durƙusa a tsakiyar banki. Kallamu ya toshe baki da hula. Wasu 'yan goro biyu da ke kan layi suka kau da kai kamar sun ga tsiraici. Alhaji bai waiwaya ba, gumi yana bin gemunsa. Daga baya ya gaya wa Kallamu cewa da ya ji amsar nan, ya ɗauka tsohonsa ne ya amsa.

Matar Legas ta ce an gode, an buɗe yarjejeniya, a ba shi sabon kati.

An sauke albasa ranar Juma'a. Uba da ɗa suka yi mako suna aika wa juna saƙo ta bakin Kallamu, alhali rumfa ɗaya suke zaune.

Ranar Litinin da ta wuce Alhaji ya koma banki shi kaɗai, ya ce a canja tambayar. Shafa'atu ta karanto masa abin da kwamfuta ta tanada. Sunan mahaifiya, ya ce a'uzu billahi. Sunan mata, ya ce a tsallake wannan. Saura sunan dabbar da mutum ya fi so. Ya yi tunani, ya raɗa mata amsa, ta shigar.

Da ya dawo rumfa Kallamu ya dame shi sai ya faɗi wace dabba ce. Alhaji ya ce banki ya hana shi gaya wa kowa, ya juya ya ce, "Baba, a ɗaga buhunan can daga rana."